Intanet na gida: yadda za ka zaɓi layi da rauta, sannan ka kulle ta kada 'yan unguwa su shanye maka data

Kusan duk sati sai wani ya kira ni ko ya turo min saƙo a WhatsApp, wai don Allah wace rauta ce mai kyau in saya, wato na'urar nan da take raba intanet a gida ta waifai, kuma amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, don cewa nake yi ajiye maganar rauta tukuna, a wace unguwa kake, gidan sama ne ko na ƙasa, rufin dakin ne na kankare ko silin ne, ku nawa ne za ku hau, sai ka ji mutum ya yi shiru kamar na tambaye shi kuɗin haya. To ai gaskiyar kenan, rauta ita ce kusan ta ƙarshe a cikin abin da za ka yanke shawara a kai, amma mu da ita muke farawa saboda ita ce abin da ido yake gani a shago.

Ƙanin matata ne ya sa na daina jin nauyin faɗar wannan magana. Ya je kasuwar waya ya kwaso rauta mai 5G, fara sol mai tsayi kamar fulas ɗin shayi, kuɗin da ya zuba da ya ishe shi biyan data na watanni, ya kawo gida ya ɗora a kan firji yana jin daɗi, ashe 5G ɗin ba ta ma iso layinsu ba, na'urar tana zaune a kan 4G mai sanda biyu, bidiyo yana ta juyawa yara suna ta ƙorafi. Ba laifin rautar ba ne, ba a tambayi ɗakin ba ne kafin a saya. Don haka bari mu bi abin daki-daki yadda nake yi idan an kira ni gida.

Mataki na farko: ka san nawa gidanka yake ci

Abu biyu ne mutane suke cakuɗawa, gudu da yawa. Gudu shi ne Mbps ɗin da kake gani a talla, yawa kuma shi ne GB nawa aka ba ka a wata. Kamar famfo ne da tanki, Mbps faɗin bututu, GB girman tankin. Kuma ka lura Mbps ba shi ne MB ɗin da kake gani idan kana sauke fayil ba, sai ka raba da 8, wato layi mai 40 Mbps abin da zai iya sauke maka a daƙiƙa ɗaya bai wuce MB 5 ba, don haka kada ka ga 5 ka ce an cuce ka.

A ɓangaren gudu, gidaje da yawa ba sa buƙatar abin da suke zato. Netflix da kansu cewa suka yi 5 Mbps ya isa kallo mai kyau na 1080p, 15 kuma ya isa 4K. Gida mai mutum biyar ko shida da talabijin ɗaya, idan ana samun 20 zuwa 30 Mbps tsayayye da daddare to wallahi babu wanda zai yi kuka. Kalmar tsayayye ɗin nan ita ce maganar, gara 20 da ba ta motsi a kan 150 da asuba wadda take komawa 2 bayan isha'i.

Yawan datar shi ne inda kuɗi suke tafiya. Ka karɓi wayar kowa a gidan, ka shiga saitin ka duba inda ake nuna datar da aka sha a wata, ka tara, sannan ka ƙara kamar rabin abin da ka samu a kai, domin duk ranar da waifai ya shigo gida kowa sakin jiki yake yi, wayoyi su fara sabunta manhajoji da kansu, hotuna su fara hawa Google Photos, Hajiya ta gano tafsiri a YouTube, yara su gano katun. Talabijin kuwa shi ne babban maciyi, kallo mai kyau sosai yana iya lashe har GB 3 a awa ɗaya, 4K har 7. Ka lissafa awa uku kullum a wata ka ga inda ka kwana.

Mataki na biyu: wane irin layi ne ma yake zuwa unguwarku

Kusan hanya huɗu ce a ƙasar nan. Ta farko faiba, wato wayar gilashi da ake jawowa daga fol har cikin falonka. Idan akwai ta a layinku kuma aljihu zai ɗauka, ni dai ba na dogon tunani, ita ce gaba, don ba ruwanta da cunkoson ƙarfen sabis ko hadari, kuma ɗora abu sama yana gudu kusan kamar saukewa, wanda yake da muhimmanci ga mai taro ta Zoom ko mai ɗora bidiyo. Kamfanoni irin su ipNX da FibreOne da MTN suna yin ta, sai dai ta fi yawa a Legas da Abuja, a sauran birane unguwa-unguwa ce, wani lokacin ma layi-layi, sai ka ga maƙocinka na bayan gida yana da ita kai babu. Rauninta guda shi ne yankewa, masu aikin titi ko masu haƙa kwata su tsinke waya ka kwana biyu a duhu.

Ta biyu ita ce wadda akasarinmu muke kai, rauta mai sim, 4G ko 5G. MTN ta fara 5G a 2022, Airtel ta biyo a 2023, ga Glo da sauran su a 4G, ga kuma irin su Spectranet da Smile da aikinsu kenan a garuruwan da suke. Daɗinta ka saya yau ka kunna yau, idan ka tashi daga gidan haya ka saka ta a jaka. Matsalarta kuma kai da duk 'yan unguwa ƙarfe ɗaya kuke rabawa. Kada ka manta sim ɗin rauta ma sim ne, sai an yi masa rajista da NIN.

Ta uku Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam da ake kamawa da kwano, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, daga baya ta shiga Gana da Nijar da Chadi. Wannan ga mutumin ƙauye ko gona ko sabuwar unguwa a bayan gari inda sabis sai an hau tudu, babu kamarta. Amma kayan da tsada, kuɗin wata da tsada, tana son sararin sama fili babu bishiyar darbejiya ko bene a gabanta, ruwan sama mai ƙarfi yana rage ta na ɗan lokaci, sannan tana shan wuta, babbar tana cin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfuri, wanda idan sola kake amfani da ita dole ya shiga lissafi. Akwai ma lokacin da suka dakatar da karɓar sababbin mutane a sassan Legas da Abuja saboda cika, don haka ka saka adireshinka a shafinsu ka gani kafin ka sayi kwano.

Ta huɗu ita ce ta ƙananan kamfanoni masu kafa maka eriya a saman rufi tana kallon turkensu. Wasu suna da kyau ƙwarai, wasu kuma sai addu'a, ba ka da hanyar sani sai ka tambayi wanda yake amfani da su a unguwarku, ba wanda yake tallata su ba.

Mataki na uku: gwaji, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci

Idan rauta mai sim za ka yi, kada ka kashe ko sisi sai ka yi wannan. Ka samu sim na kowane kamfani, naka da na madam da na aro, ka saka a waya ɗaya mai kyau don gwajin ya zama adalci, ka sauke Speedtest ko ka buɗe fast.com. Ka gwada a daidai inda rautar za ta zauna, ba a ƙofar gida ba. Ka gwada da safe, ka gwada da azahar, sannan babban gwajin shi ne tsakanin ƙarfe 8 zuwa 11 na dare lokacin da kowa ya dawo gida ya kwanta da waya a hannu. Ka yi haka kwana uku, ka haɗa da Asabar ko Lahadi, kana rubutawa a takarda. Na san da wahala amma kwana uku ne za su cece ka daga takaicin shekara.

Lamba uku za ka gani, ta saukewa, ta ɗorawa, da fing. Fing shi ne jinkirin da ake samu kafin a amsa maka, ƙasa da 50 ya yi kyau, idan ya haura 100 kiran bidiyo zai fara yi maka irin maganar nan da kowa yake katse kowa, masu wasan gem kuwa su ne suka fi jin jiki.

Sandunan sabis da kake gani a saman waya ba abin dogaro ba ne, kowane kamfanin waya da yadda yake zana nasa. Lambar gaskiya sunanta RSRP, za ka same ta a saitin waya wajen bayanin sim, ko a shafin rauta. Tana zuwa da alamar ragi, kuma wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau, -80 garau ne, -90 zuwa -100 za a iya zama da shi, daga -110 kuwa wahala ce kawai. Akwai 'yar uwarta SINR mai nuna tsabtar siginar, sama da 13 ya yi, sama da 20 madalla, kusa da sifili hayaniya ce. Abin da ya kamata ka gane a nan, idan sigina tana da ƙarfi amma gudu yana mutuwa da daddare, to cunkoso ne, kuma babu rautar da za ta gyara cunkoso ko ta miliyan ce, sai dai canza kamfani. Idan kuma siginar ce mai rauni amma a tsakar gida ko saman bene tana gyaruwa, to wannan eriyar waje tana maganinsa.

Mataki na huɗu: kalmar anlimited

Yawancin abin da ake kira anlimited yana da iyaka a ɓoye, suna kiranta FUP, wato idan ka sha wani adadi a wata ko a rana sai a rage maka gudu har sai wata ya zagayo. Ba ƙarya suka yi ba tunda ba a yanke ka ba, amma gudun da za a bar maka wani lokacin ko hoto da ƙyar. Ka tambaya a fili, GB nawa ne kafin a rage, kuma idan an rage nawa ake bari. Ka tambayi ko ragowar data tana bin ka zuwa wata mai zuwa idan ka sabunta a kan lokaci. Na faiba ka tambayi kuɗin jawo waya, da wa yake da na'urar idan ka daina, da kwana nawa suke ɗauka su zo gyara, da ko suna mayar maka da kwanakin da layi ya mutu.

Farashi kam ban saka a nan ba da gangan, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 tsare-tsaren suke ta sauyawa, ka duba na ranar da za ka saya. Shawarata dai wata ɗaya za ka fara biya, kada garaɓasar shekara ta ruɗe ka tun ba ka ga halin layin ba. Kuma ka ajiye sim na wani kamfani daban a gefe ko da ɗan ƙaramin tsari ne, wanda ya ga ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma har bankuna suka rikice ya san amfanin wannan.

Mataki na biyar: yanzu ne muka zo kan rautar

Idan faiba ko Starlink ka ɗauka za su ba ka tasu, ka fara da ita ka gani. Idan mai sim ce, akwai wadda kamfanin layi yake sayarwa da araha har da kyautar data amma a kulle take, sim ɗinsu kaɗai take karɓa, akwai kuma buɗaɗɗiya irin ta TP-Link ko Huawei ko ZTE da za ka samu a Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ta fi tsada amma duk sim ɗin da ka ga dama ka zura. Idan gwajinka ya nuna kamfani ɗaya ya yi wa sauran fintinkau to ɗauki tasu ka huta, idan kuma sun yi kunnen doki buɗaɗɗiyar ta fi. Ƙaramar MiFi ta aljihu kuwa ta tafiya ce, batirinta kumbura yake yi idan ta kwana a caji kullum, kada ka mai da ita ta gida.

Ga wani ruɗani da nake gani kullum, mutum ya ga an rubuta 5G a sunan waifai ɗinsa ya ce ai rautata 5G ce. Ba ita ba ce. Wancan 5GHz ne, zangon da rauta take magana da wayoyin cikin gida, ba ruwansa da 5G na ƙarfen sabis. Rauta mai kyau tana da zango biyu, 2.4GHz mai nisan zango da ratsa bango amma a hankali kuma cike da cunkoson maƙota, da 5GHz mai gudu amma bango biyu na bulo sun isa su kashe shi. Ka tabbata wadda za ka saya tana da duka biyun, a kwali za ka ga AC ko AX, AC shi ne Wi-Fi 5, AX kuma Wi-Fi 6, wanda ya fi iya ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda. Idan N kawai ka gani tsohon yayi ne, bar musu kayansu.

Ka juya bayanta ka duba ramukan waya, idan an rubuta 10/100 to ba za su wuce 100 Mbps ba ko layinka ya fi haka, ka nemi gigabit. Mai sim kuma ka duba ko tana da wurin ɗaura eriyar waje, ƙananan ramuka biyu ne masu zare, ranar da za ka buƙace su za ka gode min. 'Yar tokunbo ba laifi ba ce amma ka sa sim ɗinka a ciki a gaban mai shagon ka ga 4G ta kama kuma ta yi gudu, don wasu an yi su ne don zangon wata ƙasar.

Wurin ajiyewa kyauta ne amma ya fi sayen sabuwa tasiri. A sama, a fili, a tsakiyar gida, ba cikin durowar talabijin ba, ba bayan firji ba, ba kusa da tankin ruwa ko madubi babba ba. Mai sim tana son kusa da taga ta ɓangaren da ƙarfen sabis yake, ka riƙa matsar da ita kana kallon RSRP, wani lokacin taku biyu kawai sai ka ga lamba ta gyaru. Gidajenmu masu sassa, ɓangaren maigida daban na iyali daban ga ɗakin samari a zaure, ko bene mai dakin da rodi, rauta ɗaya ba za ta iya ba. Mutane suna sayen 'yar ƙaramar na'urar nan mai ƙara zango da ake soka wa a soket, ni ba na son ta, sanduna take cikawa gudu kuma ya ragu kusan rabi. Abin da ya fi shi ne ka ja wayar intanet irin ta Cat6 zuwa ɗaya ɓangaren, tana kai mita 100 ba matsala, ka saka rauta ta biyu a can, ko kuma ka sayi irin masu zuwa biyu ko uku a kwali ɗaya kamar Deco idan ba ka son fasa bango.

Mataki na shida: kulle ƙofa

Fasawod biyu ne a rauta, kuma yawancin mutane ɗaya suka sani. Akwai na waifai da kake ba baƙo, akwai kuma na shiga cikin rautar kanta, wanda sau da yawa yana nan a admin da admin yadda ya fito daga kwali. Ka haɗa wayarka da rautar, ka buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke manne a ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Abu na farko ka canza wannan fasawod ɗin na admin, don duk wanda ya hau waifai ɗinka zai iya shiga nan ya ga komai ya canza komai, har ya kore ka daga rautarka.

Sai sunan waifai, ka cire sunan kamfanin da lambar samfurin, kuma kada ka sa sunanka ko na gidanku. Wajen tsaro ka zaɓi WPA3 idan akwai, ko haɗin WPA2 da WPA3 saboda tsofaffin wayoyi, ko WPA2 mai AES. WEP ko buɗaɗɗe kam kamar ka rufe ƙofa da zare ne. Fasawod ya zama dogo, harafi 14 zuwa sama, kuma ba lambar wayarka ba, ba sunan autarka da shekarar haihuwarta ba, waɗannan su yaran unguwa suke fara gwadawa. Ka haɗa kalmomi huɗu da ba su da alaƙa ka sa lamba a tsakani, irin tukunya da jirgi da barkono da alli, ya fi sauƙin tunawa kuma ya fi wuyar fasawa.

Ka nemo WPS, wato hanyar hawa waifai da danna maɓalli ko 'yar lamba ba tare da fasawod ba, ka kashe. Tun ƙarshen 2011 aka gano lambar nan tasa mai guda 8 ana iya cankar ta, kuma manhajojin satar waifai da samari suke yawo da su akasari nan suke bi.

Amma maganar gaskiya, yawancin satar data a unguwa ba fasawa ake yi ba, bayarwa ake yi. Wata rana na je wani gida da ake kukan data tana ƙarewa a kwana goma, na buɗe jerin na'urorin da ke kai na ƙirga 23, alhali mutanen gidan su bakwai ne, muna leƙawa waje sai ga majalisa guda a jikin katanga kowa ya sunkuyar da kai a waya. Yaron gidan ne ya nuna wa abokinsa lambar QR ɗin nan da Android take fitarwa, aboki ya nuna wa aboki. Maganin wannan shi ne Guest Network, wato waifai na biyu na baƙi da fasawod ɗinsa daban, shi za ka ba yara da baƙi da mai aiki, ka riƙa canza shi duk wata, wasu rautocin ma suna bari ka ƙayyade masa gudu. Na ainihin kuwa kai da kanka za ka saka a wayar wanda ka yarda da shi. Toshe mutum ta lambar MAC, wato lambar da rauta take gane kowace waya da ita, ba ya daɗewa yanzu, don sababbin wayoyi suna iya sauya lambar, canza fasawod ya fi.

Mataki na bakwai: fayawol

Fayawol maigadi ne a bakin ƙofa. Idan ɗan gida ya aika a sayo abu, ɗan aike ya dawo sai a bar shi ya shiga, idan kuma wani ya zo daga waje babu wanda ya kira shi sai a ce masa koma. Kusan duk rautar gida tana zuwa da shi a ciki, don haka mai gida ba ya buƙatar sayen wata na'ura daban, aikinka kawai ka shiga sashen tsaro ka tabbata Firewall ko SPI a kunne yake, sannan kada ka huda masa ramuka da hannunka.

Ramukan su ne waɗannan. Remote Management, wato shiga rauta daga waje, ka kashe. DMZ, ka kashe, don yana ɗaukar na'ura guda ya ajiye ta a titi babu gadi. UPnP yana ba kowace na'ura damar buɗe wa kanta ƙofa ba tare da ta tambaye ka ba, ka kashe shi, idan mai PlayStation a gidan ya yi kuka sai ka duba ko za ka mayar. Port Forwarding ka leƙa ka goge duk abin da ba kai ka saka ba. A layin sim da Starlink galibi ma kamfanin ya haɗa ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, don haka buɗe ƙofar ba ya aiki, amma a faiba yana iya aiki sosai, a nan ne ake buƙatar kula.

Inda na fi ganin sakaci shi ne kyamarorin CCTV. Mai haɗawa ya zo ya saka, ya bar fasawod ɗin kamfani, ya buɗe ƙofa a rauta don Alhaji ya riƙa kallon gida daga Saudiyya, ya tafi abinsa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya ba da wata dabara ba, gwada fasawod ɗin da suka fito da shi daga masana'anta kawai take yi. Kyamarar da ke kallon tsakar gidanka inda iyali suke zirga-zirga ba abin wasa ba ce, ka tsaya a kan mai haɗawa ya nuna maka inda ake canzawa, bayan ya tafi ka sake canzawa. Su da talabijin da akwatunan Android masu arha ɗin nan, idan da hali ka tura su waifai na baƙi su zauna nesa da kwamfutar da kake harkar banki.

Kwamfuta ma tana da nata maigadin. A Windows ka shiga Windows Security ka ga duk alamun kore ne, kuma ka kula da masu saka maka manhajar sata a shago, sun saba kashe shi don abinsu ya hau kuma ba sa mayarwa. Idan ka hau waifai na otal ko filin jirgi ka zaɓi Public. Masu Mac su sani nasu a kashe yake zuwa, sai an kunna. Wanda yake kan Windows 10 kuma ya tuna Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025.

Abin da fayawol ba ya yi shi ne hana ka buɗe wa ɓarawo da kanka. Saƙon nan na an buɗe shafin tallafi danna nan ka cike BVN, ko wanda zai kira ya ce daga banki yake ka karanto masa lambar da aka turo maka, wannan kai ka aika aka kira shi, maigadi ba zai tare shi ba. Abin da yake ɗan taimakawa shi ne canza DNS a rauta, wato mai nemo maka adireshin shafi idan ka rubuta sunansa, ka nemi wurin a saitin intanet ko na DHCP ka saka 9.9.9.9 na Quad9 mai toshe shafukan cuta da aka sani, ko 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare wanda yake haɗawa har da shafukan batsa, wannan na biyun shi nake saka wa gidan da ke da yara. Ba ya kama komai, kuma yaron da ya san VPN, manhajar zagaye shinge, ko ya koma datar wayarsa ya tsallake, amma yana rage abin da ƙananan za su yi tuntuɓe da shi. Wasu rautocin da kamfanin layi ya kulle ba sa bari a canza, a nan sai ka saka a kowace waya ta Android ta wurin Private DNS, sai dai can suna ake rubutawa ba lamba ba, dns.quad9.net ko family.cloudflare-dns.com.

Sannan duk bayan wata biyu ko uku ka leƙa sashen sabunta manhajar rautar, idan akwai sabuwa ka saka, amma ka tabbata wuta ba za ta ɗauke ana tsakiyar yi ba don tana iya mutuwa gaba ɗaya. Rautar da kamfaninta ya daina fitar mata da sabuntawa shekara da shekaru ta isa ritaya ko tana aiki.

Maganar wuta

Yawancin rautoci 12V suke ci kuma abin da suke sha kaɗan ne, don haka ƙaramin UPS na rauta da ake sayarwa, wato batirin ajiyar wuta, yana riƙe ta awanni idan an ɗauke wuta, ka dai duba bayan cajarta ka ga volt da amfiya ka sayi wanda ya dace, mai faiba ya tuna na'ura biyu zai iya buƙatar riƙewa. Wannan yana hana ta yawan mutuwa da tashi duk lokacin da aka sauya zuwa janareto, wanda shi ne yake kashe da yawa daga cikinsu. Da damina idan hadari ya haɗo ana walƙiya, ka zare ta daga soket, ka zare wayar da ta fito daga eriyar waje ko wadda ta ratsa tsakar gida, ni tawa ta farko haka ta tafi a wata tsawa ta watan Agusta, har da ramin waya na kwamfutar da ke haɗe da ita.

Idan layi ya lalace kuma ka tabbata ba daga gidanka ba ne, wato ka kashe ka kunna, ka gwada da waya kusa da rautar, ka fara kai ƙara wurin kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi ka ajiye tare da hotunan gwajin gudun da ka yi da kwanan wata. Idan sun yi biris da kai sai ka kira 622, layin NCC ne na masu ƙorafi kuma kyauta ne, za su tambaye ka waccan lambar da kamfanin ya ba ka, don haka kada ka goge saƙon.